Hawan jinin masu ciki na hana jini daskarewa: Abin da matan Boɗinga da Shagari ke fuskanta kafin su kai Sakkwato

Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Afrilun 2025 sun nuna cewa mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya a shekarar 2023 sanadin ciki ko haihuwa. Wato a duk mata huɗu da suka rasu ta wannan hanya a duniya, fiye da ɗaya 'yar Najeriya ce.

Abubuwa biyu ne kan gaba wajen jawo wannan asara: zubar jini da hawan jini. Wani nazari da hukumar ta wallafa a watan Maris na 2025 ya ce zubar jini ne ke da alhakin kusan kashi 27 cikin 100 na mace-macen masu ciki a duniya, hawan jini kuma kashi 16.

A rahotanni, kowanne da layinsa ake rubuta shi. A ɗakin haihuwa kuwa sau da yawa jiki ɗaya suke haɗuwa, domin hawan jinin masu ciki idan ya tsananta yakan ƙarar da abubuwan da ke sa jini ya daskare. Matar da aka kawo asibiti saboda jijjiga tana iya rasuwa saboda jinin da ya ƙi tsayawa.

Wannan ɓangare na cutar ba a cika maganarsa ba, alhali shi ne ke nuna inda ya kamata a karɓi haihuwar mace, da lokacin da ya kamata a ɗauke ta daga ƙauye. Ga ƙananan hukumomi irin Boɗinga da Shagari, waɗanda manyan asibitocinsu na ƙarshe ke cikin birnin Sakkwato, maganar ta rai da mutuwa ce.

Mene ne hawan jinin masu ciki?

Ana cewa mace na da wannan lalura idan awon jininta ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, bayan ciki ya kai mako 20, tare da fitar sinadarin furotin a fitsari ko alamar cewa wani sashe na jiki ya fara taɓuwa, kamar hanta, ƙoda ko ƙwaƙwalwa. Idan awon ya kai 160 bisa 110, ya zama mai tsanani. Idan ta fara jijjiga, abin da wasu ke kira taune-taune, to cutar ta kai matakinta mafi haɗari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana shafar tsakanin kashi 2 zuwa 8 cikin 100 na masu ciki.

Tushenta a mabiyiya yake. A farkon ciki, jijiyoyin jinin mahaifa kan buɗe su yi faɗi domin jini ya wadaci ɗan tayi. Idan ba su buɗe yadda ya kamata ba, mabiyiya kan shiga ƙunci, sai ta riƙa sakin wasu sinadarai cikin jinin uwa. Waɗannan sinadarai ne ke illata shimfiɗar da ke cikin jijiyoyin jini a ko'ina a jiki. Daga nan jijiyoyi su tsuke, jini ya hau, ruwa ya riƙa tsattsafowa cikin nama ya zama kumburi, ƙoda ta fara yoyon furotin.

Waɗanda suka fi fuskantar haɗarin sun haɗa da mai cikin fari, mai ɗauke da tagwaye, wadda ta taɓa yin lalurar a cikin baya, mai hawan jini tun kafin ciki, mai ciwon suga ko ciwon ƙoda, mai sikila, da wadda shekarunta suka kai 40 ko kusa da haka. Yarinya ƙarama mai cikin fari na cikin waɗanda aka fi gani da jijjiga a asibitocin Arewa.

Yadda cutar ke cinye abin toshe jini

Lafiyayyen ciki da kansa yana ƙara wa jini saurin daskarewa. Kusa da haihuwa, fiye da rabin litar jini ke bi ta mahaifa a kowane minti ɗaya. Da zarar mabiyiya ta rabu, dole mahaifa ta tsuke, jini kuma ya daskare nan take, in ba haka ba mace ta tsiyaye. Shi ya sa sinadarin fiburinojin, wanda shi ne zaren da ke saƙa gudan jini, yake ƙaruwa sosai a jikin mai ciki, daga giram 2 zuwa 4 a kowace lita zuwa kusan giram 4 zuwa 6.

Akwai kuma wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi a cikin jini da likitoci ke kira filetilet. Su ne ke fara zuwa su manne a duk inda jijiya ta sami rauni. Lafiyayyen mutum na da tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a kowane ɗan ma'aunin jini da ake aunawa da shi a ɗakin gwaji.

A jikin mai hawan jinin ciki, shimfiɗar jijiyoyi ta riga ta sami rauni a wurare masu yawa. Sai waɗannan ƙwayoyi su yi ta mannewa suna toshiya a inda babu jinin da ke zuba. Kamar magini ne da ya ƙarar da ƙasar yaɓensa wajen liƙe ƙananan tsagu, ranar da katanga ta ɓalle kuma babu abin da ya rage masa.

Illar biyu ce a lokaci ɗaya. Ƙananan gudajin jini na toshe jijiyoyin hanta da ƙoda da mabiyiya, abin da ke rage wa jariri abinci da iska. Sannan adadin ƙwayoyin toshiyar na raguwa a sauran jiki. Idan suka sauko ƙasa da 100,000, likitoci na ɗaukar cutar a matsayin mai tsanani, ko da macen na zaune tana hira.

Mafi yawan masu hawan jinin ciki ba sa kai wa wannan mataki. Amma babu yadda za a gane wadda ta kai da ido kawai, kuma adadin na iya faɗuwa cikin sa'o'i kaɗan.

Ciwon da ake ɗauka olsa ce

A shekarar 1982 wani likita ɗan Amurka, Louis Weinstein, ya raɗa wa mafi munin nau'in wannan matsala suna HELLP. Abubuwa uku ne ke haɗuwa: jajayen ƙwayoyin jini na farfashewa yayin da suke kutsawa ta jijiyoyin da suka toshe, hanta na kumbura, ƙwayoyin toshe jini kuma na ƙarewa. Ana ganin sa a kusan kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na masu hawan jinin ciki mai tsanani.

Babbar alamarsa ciwo ne a saman ciki, ƙasan ƙirji ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, tare da tashin zuciya, amai da kasala. A nan ne ake yawan yin kuskure. Mai ciki ta ce ƙirjinta na zafi, sai a ce olsa ce ko ƙwannafi, a aika yaro kemis ya sayo magani. Idan da zazzaɓi-zazzaɓi, a ce maleriya ce ko taifod.

Abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne, wasu masu HELLP jininsu bai cika hawa sosai ba. Kusan kashi 30 cikin 100 kuma sai bayan haihuwa yake bayyana, yawanci cikin kwana biyun farko, lokacin da kowa ya saki jiki ana barka.

Maleriya ma tana rage ƙwayoyin toshe jini, kuma Jihar Sakkwato na cikin inda take da yawa, musamman da damina. Saboda haka samun maleriya a gwajin mai ciki bai isa a rufe magana ba. Sai an auna jininta, an duba fitsarinta.

Haɗari na gaba shi ne rabuwar mabiyiya daga jikin mahaifa tun jariri bai fito ba, abin da hawan jini ke yawan jawowa. Ciki kan ƙulle ya yi tauri kamar dutse, da ciwo mai tsanani. Wani lokaci jini na fita, wani lokaci ya taru a ciki ba a gani. A wannan hali fiburinojin na ƙarewa da sauri, har jini ya riƙa fita ta dasashi, ta wurin da aka yi allura, ko ya fito a fitsari. Idan aka kai nan, ko an ba da maganin tsuke mahaifa jinin ba ya tsayawa, sai an mayar wa jiki abin da ya rasa.

Akwai wani abu kuma da ke ruɗar mai jinya. Mai wannan cuta ta kumbura, amma ruwan da ke cikin jijiyoyinta ya ragu. Jinin da wata za ta zubar ta miƙe, ita yana iya kai ta ƙasa.

Darasin Kano da Sakkwato

An yi babban ci gaba wajen maganin jijjiga, kuma Arewa na da hannu a ciki. A 2002 aka wallafa sakamakon gwajin Magpie, wanda ya haɗa mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, ya kuma tabbatar da cewa allurar maginiziyam salfet na rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi.

A Kano, wani shiri da aka fara a 2008 ya kai wannan allura manyan asibitoci goma na jihar tare da horar da ma'aikata. Adadin masu jijjiga da ke rasuwa a waɗannan asibitoci ya sauko daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa kusan kashi 2.

A Sakkwato, Farfesa Bissallah Ekele da abokan aikinsa sun wallafa wani nazari a 2009 kan mata 121 masu jijjiga, waɗanda aka yi wa allurar farko kaɗai, giram 14. Jijjigar ta tsaya ga fiye da kashi 90 cikin 100 na matan. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa ma'aikacin ƙaramin asibiti na iya yin allurar farko sannan ya tura mace gaba. Tsarin raba ayyukan lafiya da gwamnatin tarayya ta fitar a 2014 ya ba ma'aikatan lafiya na al'umma da aka horar damar yin hakan.

Sai dai maginiziyam salfet jijjiga kawai take hanawa. Ba ta gyara hanta, ba ta dawo da ƙwayoyin jinin da suka ƙare. Saukar da jini ma aikin wasu magunguna ne daban, irin su nifedifin da metildofa da labetalol. Maganin cutar na ƙarshe shi ne a raba uwa da mabiyiya, wato a haihu. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mai jijjiga ta haihu cikin sa'o'i 12.

Shi ya sa lafawar jijjiga ke iya yaudarar dangi. Mace ta buɗe ido ta sha ruwa, sai a ce a koma gida, tafiyar birni ta fasu. A lokacin kuwa jininta na ci gaba da lalacewa.

Girman matsalar ya bayyana a wani bincike da aka yi a manyan asibitoci 42 na Najeriya tsakanin 2012 da 2013. An ƙirga mata 998 da suka rasu cikin shekara ɗaya, kuma hawan jini ne ya zo na farko a jerin dalilai, zubar jini na biye da shi.

Hanyar Boɗinga da Shagari

Garuruwan Boɗinga da Shagari na kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi Tambuwal zuwa Jega. Wanda ya dubi taswira zai ce matan yankin na kusa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha.

Amma ba kowa ke zaune a bakin kwalta ba. Matar da ke wani ƙauye a bayan Danchaɗi ko Dingyaɗi, ko a yankin Kajiji da Dandin Mahe, sai ta fara fitowa titi, sau da yawa a kan babur, wani lokaci cikin dare ko bayan ruwan sama. Kafin nan ma sai an yarda cewa abin na asibiti ne, maigida ya ba da izini, an haɗa kuɗin mota.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Jihar Sakkwato, ƙasa da haihuwa ɗaya cikin goma ce ake yi a asibiti. Mafi yawan mata a gida suke haihuwa, a hannun ungozoma ko dattijuwar gida, wasu kuma su kaɗai.

Al'ada na da nata tasirin. Mai cikin fari, wadda ita ce ta fi shiga haɗari, ita ce kuma kunya ta fi hana ta faɗin abin da ke damun ta. Kumburin ƙafa da fuska akan ce alamar tagwaye ce ko ɗa namiji. Jijjiga kuma akan danganta ta da iska, sai a fara da hayaƙi da tofi kafin a tuna da asibiti. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, ana iya yin ta a cikin mota, amma kowace sa'a da aka ɓata tana rage abin da likita zai tarar.

Jihar ta taɓa nuna cewa ana iya kai magani har ƙofar gida. A 2013, zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, gwamnatin Sakkwato tare da wani shiri da hukumar agajin Amurka ta USAID ke tallafa wa ta fara raba ƙwayar misoprostol, wadda ake kira miso, da maganin shafa wa cibiya, ta hannun masu aikin sa-kai a mazaɓu 244 na jihar. Miso na taimaka wa mahaifa ta tsuke bayan haihuwa. Amma idan matsalar daga jinin kansa ce, miso ba ta da abin yi. Irin wannan mace tun kafin naƙuda ya kamata a gano ta.

Tallafin waje da ake dogaro da shi ma ya ragu. Gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan agajinta a watan Janairun 2025, ta kuma rufe USAID a watan Yulin shekarar. Sakkwato na cikin jihohin da shirye-shiryen hukumar na lafiyar uwa da jariri suka daɗe suna aiki. Nauyin horar da ma'aikata da sayen kayan awo yanzu ya ƙara komawa kan jiha da ƙananan hukumomi.

Tiyata kyauta, amma ina jinin?

A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ƙaddamar da shirin MAMII na rage mace-macen masu ciki da jarirai, wanda ya mayar da hankali kan ƙananan hukumomi 172 da ke da fiye da rabin mace-macen ƙasar. Ya kuma sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi da ke buƙatar ta.

Mataki ne mai amfani, domin kuɗin tiyata na cikin abubuwan da ke sa iyalai jan ƙafa. Sai dai ga mai hawan jini mai tsanani, wuƙa kaɗai ba ta wadatarwa. Likitan da zai yanka mace yana buƙatar sanin adadin ƙwayoyin toshe jininta tukuna. Idan sun sauko ƙasa da kusan 70,000, allurar kashin baya da ake kashe rabin jiki da ita na iya jawo zubar jini a kusa da laka. Idan sun sauko ƙasa da 50,000, tiyatar kanta na da haɗari sai an tanadi abin ƙarawa.

Wannan abin ƙarawa kuwa da wuyar ajiya yake. Ƙwayoyin toshe jini da aka ware daga jinin mai bayarwa kwana biyar kawai suke yi, a ɗumin digiri 20 zuwa 24, a kan injin da ke girgiza su dare da rana. Ruwan jini mai ɗauke da fiburinojin kuma sai a daskare a firiza. Duka biyun na buƙatar wutar lantarki da ba ta yankewa, shi ya sa sai a manyan asibitoci ake samun su. A sauran wurare, sabon jini da aka ɗiba daga ɗan'uwa ake dogaro da shi, bayan an nemo shi, an gwada, an ga ya dace.

Najeriya ta kafa Hukumar Kula da Jini ta Ƙasa bisa dokar 2021, amma har yanzu mafi yawan jinin da ake ƙarawa daga dangi da masu sayarwa yake fitowa. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana amfani da shi shi ne, idan mutum ɗaya cikin 100 na ba da jini, ƙasa za ta biya mafi ƙarancin buƙatarta.

Abin da za a iya yi a ƙaramin asibiti

Ba kowane mataki ne ke buƙatar injin birni ba. Na'urar awon jini da takardar tsoma wa fitsari sun isa a gano mafi yawan masu lalurar, in dai ana yi a kowane zuwa awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, mafi yawansu a watanni uku na ƙarshe, lokacin da cutar ta fi bayyana.

Na biyu shi ne ƙirga ƙwayoyin jini. Bincike ya nuna cewa idan ƙwayoyin toshe jini sun haura 100,000, kuma mabiyiya ba ta rabu ba, da wuya sauran gwaje-gwajen daskarewar jini masu tsada su nuna matsala. Wato gwaji ɗaya, wanda babban asibitin ƙaramar hukuma ya kamata ya iya yi, ya isa ya raba wadda za ta iya haihuwa a nan da wadda dole a wuce da ita Sakkwato.

Inda babu inji, littafin jagora na Hukumar Lafiya ta Duniya ya koyar da gwajin bakin gado. Ana zuba mililita 2 na jinin mace a busasshiyar kwalbar gilas, a riƙe a tafin hannu don ta yi ɗumi. Idan minti bakwai suka wuce jinin bai daskare ba, ko ya yi gudan da ke wargajewa da sauƙi, to akwai matsala, sai a hanzarta.

Ma'aikaci kuma ya san abin da ba a ba irin wannan mace. Allurar agometirin, wadda aka saba yi don tsayar da jini bayan haihuwa, tana ƙara hawan jini, tana iya jawo jijjiga ko shanyewar ɓarin jiki. Okzitosin ake amfani da shi. Idan jini ya ɓalle, akwai allurar taranegzamik asid. Gwajin WOMAN na 2017, wanda aka yi kan mata fiye da 20,000 har da 'yan Najeriya masu yawa, ya nuna tana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka yi ta cikin sa'o'i uku da haihuwa.

Wani gwajin mai suna E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, an wallafa shi a 2023. Ya nuna cewa auna jinin da ke zuba da wata leda mai ma'auni, da haɗa magungunan gaba ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya, ya rage munanan sakamakon zubar jini da kashi 60 cikin 100.

Akwai kuma rigakafi. Asfirin ɗan kaɗan na hana ƙwayoyin toshe jini yawan mannewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar miligiram 75 a kullum ga matan da ke cikin haɗari, a fara kafin ciki ya kai mako 20. Wani gwaji da aka wallafa a 2017, da miligiram 150, ya rage hawan jinin da ke tilasta haihuwar bakwaini da kashi 62 cikin 100. Amma ma'aikacin lafiya ne zai rubuta shi. Asfirin ɗin ciwon kai da ake sayarwa a kemis miligiram 300 ne, kuma wadda ƙwayoyin jininta suka riga suka faɗi shan sa na iya ƙara mata zubar jini. Ana kuma ba da ƙwayar kalsiyam ga matan da ba sa samun isasshensa a abinci.

Duk wannan ba zai yiwu ba ga matar da sai ciki ya kai wata bakwai take fara awo.

Kwana arba'in na jego

Haihuwa ba ta kawar da haɗarin nan take. Ƙwayoyin toshe jini kan kai ƙarshen faɗuwarsu kwana ɗaya zuwa biyu bayan haihuwa kafin su fara farfaɗowa. Jini na iya sake hawa a makon farko, jijjiga na iya zuwa ga mai jego da ta haihu lafiya.

Daga nan sai haɗarin ya juya. A makonni shida na bayan haihuwa, wanda ya yi daidai da arba'in, jinin mace ya fi saurin yin guda a manyan jijiyoyin ƙafa. Wadda ta yi hawan jini, ko aka yi wa tiyata, ko ta daɗe a kwance, haɗarinta ya fi yawa. Idan gudan ya ɓalle ya tafi huhu, yana iya kashewa nan take. Kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, ko numfashi sama-sama da ciwon ƙirji, abin garzayawa asibiti ne.

Kunun kanwa ma abin lura ne. Kanwa na da sinadarin gishiri mai yawa, wanda ke riƙe ruwa a jiki yana ƙara hawan jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan sa, tare da zafin wankan jego da kwanciya a gado mai wuta, da ciwon zuciyar masu jego. Wadda ta yi hawan jini a ciki ta nemi shawarar ma'aikacin lafiya kafin ta sha.

Bincike ya kuma nuna cewa macen da ta taɓa yin wannan lalura na da kusan ninki biyu na haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki a gaba. Ya kamata ta riƙa auna jininta ko ba ta da ciki, ta kuma faɗa wa ma'aikacin awo tun zuwan farko a ciki na gaba.

Nauyin da ke kan kowa

Ga iyali, alamomin da ba a kwana da su sun haɗa da ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko ganin walƙiya, ciwo a saman ciki, kumburin fuska da hannu farat ɗaya, raguwar fitsari, zubar jini ta gaba ko ta dasashi, da raguwar motsin jariri. Idan za a tafi, a tafi da katin awo da mutum biyu ko uku masu lafiya da za su iya ba da jini. Maigidan da ke fita fatauci ko ci-rani ya bar izini da kuɗin mota tun ciki na wata bakwai.

Ga hukumomi, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ke aika kuɗi kai tsaye ga aƙalla cibiya ɗaya a kowace mazaɓa. Kwamitocin ci gaban mazaɓu a Sifawa ko Kajiji na da haƙƙin tambayar abin da ke cikin cibiyarsu: shin na'urar awon jini na aiki, akwai takardar gwajin fitsari, akwai maginiziyam salfet da bai lalace ba, akwai wanda ya iya yin allurar da dare?

A manyan asibitocin Boɗinga da Shagari, tambayoyin su ne ko ana iya ƙirga ƙwayoyin jini a kowane lokaci, ko firijin jini na da wutar sola, ko akwai mota da mai, da lambar wayar da za a kira Sakkwato a sanar da su kafin mace ta iso. Limamai da hakimai kuma na iya taimakawa wajen tara sunayen matasa masu ba da jini kyauta tare da rukunin jininsu, a ajiye a asibiti.

Ranar 22 ga watan Mayun kowace shekara aka ware domin wayar da kai kan hawan jinin masu ciki a duniya. Dama ce ga ma'aikatar lafiya ta jihar ta bayyana mata nawa aka gano da lalurar a kowace ƙaramar hukuma, nawa aka ƙirga wa ƙwayoyin jini, da nawa aka tura birni kafin jini ya ɓalle musu.